Tsakani da Allah: Lacca a Kan Bin Almasihu da Zuciya Ɗaya

 

Da aka aiko mini da kan maganar da zan yi, kwana biyu na yi ina neman kalmar da zan rataya ta a kai. A littattafai za ka ga an rubuta "sahihanci". Kalma ce mai kyau, sai dai ban taɓa jin mahaifiyata ta furta ta ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da "ikhlasi", kishiyarsa kuma "riya", malamansu sun yi dogon bayani a kansu, har mu ma mukan ara. Amma da na shiga kasuwa sai na tarar Bahaushe ya daɗe da gama mini aikin. In kana ciniki, mai kaya ya ga ka ƙi yarda da farashinsa, sai ya ce maka, "Tsakani da Allah haka na saro." In kuma mutum ya yi maka alheri ba da wata ɓoyayyiyar manufa ba, a ce ya yi da zuciya ɗaya.

Ku ɗan tsaya a kan "tsakani da Allah" ɗin nan. Biyu ne kawai a cikin zancen, mai magana da Mahaliccinsa. An sallami 'yan kallo. Ko da ɗan kasuwar ƙarya yake shara maka, kalmar da ya fake da ita ta san abin da take faɗa: akwai wurin da mutum yake tsayawa shi kaɗai a gaban wanda ba a yi masa rufa-rufa. Ita ma "zuciya ɗaya" tana da 'yar'uwa a Littafi Mai Tsarki. A sura ta farko ta wasiƙarsa, Yakubu ya yi maganar mutumin da ba ya tsayawa a kan komai, kalmar da ya kira shi da ita da Helenanci kuwa ma'anarta mai rai biyu. Da waɗannan kalmomi biyu na kasuwa zan yi tafiyata yau.

Bari mu fara da labarin da aka fi yi wa wa'azi a baibai. A ƙarshen sura ta 4 ta Ayyukan Manzanni akwai wani Balawi mutumin tsibirin Kubrus, sunansa Yusufu, manzanni suka laƙaba masa Barnaba. Ya sayar da gonarsa, ya kawo kuɗin gaba ɗaya ya ajiye a gaban manzanni. Ku ƙaddara yadda labarin ya zaga Urushalima, yadda ake nuna shi in ya wuce. Ana shiga sura ta 5 sai ga Hananiya da matarsa Safiratu. Su ma suka sayar da fili, suka yi shawara a ɗaka, suka ɓoye wani kaso, suka kawo saura a kan cewa shi ke nan abin da aka biya su. Kun san ƙarshen: mijin ya faɗi matacce, samari suka naɗe shi suka kai shi kabari, bayan kamar awa uku matar ta shigo ba ta san abin da ya faru ba. Manzo Bitrus ya tambaye ta farashin filin, wato ya buɗe mata ƙofa, ita kuwa ta maimaita abin da suka shirya, ta bi mijinta.

Sau nawa kuka ji an karanta wannan labari a ranar tara kuɗi don a tsorata jama'a su ƙara baiko? Ni ma na taɓa yi, Allah ya gafarta mini. Amma ku koma ku karanta abin da Bitrus ya faɗa wa Hananiya a aya ta 4. Ya tuna masa cewa kafin a sayar filin nasa ne, bayan an sayar ma kuɗin na hannunsa, ba wanda ya ɗora masa dole. Da ya zo ya ce, "Ga rabi, rabin muna da buƙata a gida," da an karɓa an sa masa albarka. Da ya riƙe filinsa ma ba laifi. Abin da ya kashe su shi ne sun ga sunan da Barnaba ya yi, suka so su saye shi da rangwame. Rowa ba ta cikin tuhumar da aka yi musu. Tuhumar ita ce sun yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, alhali a ganinsu mutane kawai suke yi wa wayo.

To, 'yan'uwa, in da haka Allah yake yi a kowace Lahadi, samari nawa za mu buƙata a bakin ƙofa?

Na ga kuna dariya. Bari in ba ku abin da na gani da idona. Ina saurayi na riƙe littafin magatakarda a wata ikilisiya da ba zan kama sunanta ba. Muka kira taron gidauniya don rufin sabuwar majami'a. Aka gayyato babban mai ƙaddamarwa, aka yi hayar lasifika, ni ne mai rubuta alkawura, wani kuma yana shelanta su. In aka kira suna da adadi sai mata su rangaɗa guɗa. Wani ya miƙe ya ce buhun siminti hamsin, guɗa ta tashi. Abokin hamayyarsa ya ce sittin, guɗar ta fi ta farko. A ranar, a kan takarda, mun rufe majami'ar har da canji. Damina biyu ta wuce muna sujada ruwa na dukanmu, ina yawo gida-gida da littafin nan, ana ce mini Baba ya fita alhali ga takalminsa a ƙofa. Waɗanda suka rufe ginin daga baya su ne matan zumunta, da kuɗin ƙosai da na daddawa, waɗanda ba a taɓa kiran sunansu a lasifika ba.

Kada ku ɗauka na tsaya a gefe ina kallo da tsabtataccen hannu. Sunana na cikin littafin. An kira wani abokin karatuna ya faɗi nasa, idanu suka juyo kaina, na faɗi adadin da na san albashina na wata uku ba zai kai ba. Ni da ke bin mutane bashi, ni ma ana bi na. Shi ya sa nake roƙon dattawa su yi tunani a kan wannan al'ada. Mu ne muke kafa dandalin, mu kawo lasifika, mu tanadi guɗa, sa'an nan mu yi mamakin yadda Hananiya ya yawaita a cikinmu. Mai rauni ba ya bukatar a tura shi da ƙarfi, nuna masa tafi kawai ya isa.

Ubangijinmu ya riga ya gano wannan ciwo. A Matiyu sura ta 6 ya ɗauki abubuwa uku da kowane mai ibada ya sani: sadaka, addu'a da azumi. Bai ce a daina ko ɗaya ba. Abin da ya tambaya shi ne wa ake yi wa. Sunan da ya kira masu yi don ganin ido, wanda aka fassara mana da "munafukai", asalinsa a Helenanci sunan ɗan wasan kwaikwayo ne. A dandalin wasannin Helenawa ɗan wasa yakan sa fuskar aro, ya yi magana ta cikinta, mutum guda ya fito a matsayin sarki, ya koma ya sake fuska ya fito a matsayin bawa. Mu kuma mun ce Musa a baki, Fir'auna a zuci. Akwai kuma wani abu a wurin da nake so ku riƙe. Da Yesu ya ce irin waɗannan mutane sun gama samun ladansu, kalmar da Matiyu ya rubuta ita ce 'yan kasuwar zamanin suke sawa a kan rasit in an biya su cif, an kuma tono irin waɗannan takardu da yawa a Masar. Wato ciniki ya faɗa. Ka sayar da addu'arka, jama'a sun biya ka da "kai, wannan bawan Allah ya iya addu'a", an ba ka rasit, ba ka bin kowa komai. Ni kaina na san yadda addu'ata take tsawo in akwai baƙi a kan bencin gaba, da yadda take gajarta in ni kaɗai ne a ɗaki da asuba.

Wani zai ce, ai a Matiyu sura ta 5 Yesu da kansa ya ce haskenmu ya haskaka a gaban mutane. Haka ne. Amma ku duba inda yabon yake ƙarewa a can: wurin Uba yake tafiya. Fitila ba ta ɓuya, amma ba wanda ya kunna ta don a zauna ana kallonta.

Yanzu zan shiga wurin da ya fi ba ni wahala, domin ya taɓa tarbiyyarmu. Mu mutane ne masu kunya da kara. Baƙo ya sauka da yunwa, a kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Ka gaida mara lafiya yana nishi ya ce maka da sauƙi. Uwa ta ƙi kama sunan ɗanta na fari, ta yi kamar ba ta damu da shi ba, alhali shi ne ranta. Matasan da suka yi karatu sukan tambaye ni, "Baba, wannan ba munafunci ba ne?" Amsata ita ce a'a, kuma ga dalilina. A duk waɗannan ba wanda aka yaudara. Mai gida ya san baƙonsa na jin yunwa, shi ya sa yake matsa masa har sai ya sa hannu. Kowa ya san dokar wasan. Yaudara tana farawa ne ranar da ka so wani ya gaskata abin da ba haka yake ba, don ka ci riba ko ka tsira da suna.

Sai dai kara ma tana ruɓewa in ta daɗe a rufe. Kun san taron dattawa da ake yi, shugaba ya kawo shawara, kowa ya ce "haka ne, Baba, madalla", a rufe da addu'a. Ana fita sai a buɗe taro na biyu a gindin mangwaro, a nan ne ake faɗin gaskiya, a nan ake yanka mutum ba ya nan. Ikilisiyoyi da yawa da suka tsage, a gindin mangwaro aka fara tsaga su, a hannun mutanen da suka ce ba sa son su yi wa babba musu a gabansa. Wannan kam ya tashi daga kara, ya zama fuska biyu.

A ɗaya gefen kuma akwai mai cewa, "Ni ba na ɓoye-ɓoye, abin da ke raina shi ke bakina." Ya zazzage wa mutum magana a bainar jama'a, ya tafi yana jin shi ne gwarzon gaskiya. Sau da yawa shi ma wasa yake yi, ya dai zaɓi fitowa a matsayin marar tsoro. Ku tuna annabi Natan da aka aike shi wurin Dawuda bayan maganar matar Uriya. Sarki ne a gabansa, mai iko ya sa a kashe shi. Bai ɓoye gaskiya ba, bai kuma jefa ta kamar dutse ba. Ya kawo labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak da attajiri ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa, ya bar Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa cewa shi ne. Abin da ya biyo baya shi ne Zabura ta 51. Da tsawa Natan ya shiga da ita, ina jin da ba mu sami wannan zabura ba.

Bari mu je Antakiya. A Galatiyawa sura ta 2 Bulus ya ba da labarin abin da ya faru tsakaninsa da Bitrus. A wannan birni Yahudawa masu bi da sauran al'ummai suna cin abinci tare, Bitrus ma yana ci da su. Sai baƙi suka zo daga wurin Yakubu a Urushalima. Bitrus ya fara janye jiki, ya koma kwanon 'yan'uwansa Yahudawa. Sauran suka bi shi. Kun san wanda shi ma ya bi? Barnaba. Barnaban nan da ya sayar da gona da zuciya ɗaya, wanda Hananiya ya mutu yana kwaikwayonsa. Mutum yana iya tsallake jarabar kuɗi ya zo ya faɗi a jarabar idon dangi. Bulus ya tsaya ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa, sunan da ya ba abin kuwa shi ne wancan na 'yan wasan kwaikwayo. Koyarwar Bitrus ba ta canja ba, in ka tambaye shi zai ce maka duk ɗaya muke cikin Almasihu. Wurin zamansa ne ya ƙaryata bakinsa.

Wannan labari ya dami magabata ƙwarai. Jerom, babban masanin nan da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin yana zaune a Baitalami, ya rubuta cewa faɗan ba na gaske ba ne, manzannin biyu shirya shi suka yi don su koya wa jama'a darasi. Ya ga bai dace a ce babban manzo ya yi irin wannan tuntuɓe ba, sai ya nemi ya rufa masa asiri. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya zama bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ƙi yarda. Tun wajen shekara ta 395 ya fara rubuta masa, wasiƙu suka yi ta kai da komo kusan shekara goma, har rai ya ɓaci. Hujjar Agustin ita ce, in aka yarda akwai ƙarya guda mai amfani a cikin Littafi, to duk wanda wata aya ta yi masa nauyi zai ce ita ma irin wannan ce. Ya gwammace a ce Bitrus ya yi kuskure ya kuma karɓi gyara, da a wanke shi da ƙarya. Ina tare da Agustin. Littafin da bai ɓoye laifin Ibrahim da Musa da Dawuda da Bitrus ba, ba ya neman mu yi masa kwalliya.

Mu kuma fa? Ga mu nan ƙabilu iri-iri, Hausa ta haɗa mu, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da wannan harshe, muna waƙa da murya ɗaya. Amma a bari zaɓen dattawa ya zo, ko a ce za a kawo sabon fasto, ko yaron wata ƙabila ya zo neman 'yarka. Nan za ka ga kowa ya ɗauki kwanonsa ya koma wurin "namu". Baƙin Urushalima ba su daina zuwa ba, yanzu ma ta waya suke isowa.

Akwai kuma lokacin da zuciya ɗaya take da tsada fiye da kunya. A shekara ta 250, sarkin Rum Desiyus ya ba da doka cewa kowa ya je gaban hukuma ya miƙa hadaya ga alloli, a ba shi takardar shaida. Fiye da arba'in daga cikin waɗannan takardu sun tsira a cikin rairayin Masar har yau, da sunan mai ita da sa hannun jami'ai. Masu bi suka kasu. Wasu suka ƙi, aka ɗaure su, wasu aka kashe. Wasu suka miƙa hadayar. Kashi na uku kuwa suka yi dabara irin tamu: suka bi ta bayan fage, suka ba jami'i na goro, aka rubuta musu takardar ba tare da sun kusanci bagade ba. A ganinsu sun tsira ta ko'ina, hukuma ta gamsu, hannunsu kuma bai taɓa hadaya ba. Sifiriyan, bishop na Kartej a ƙasar da yau take Tunisiya, ya ce a'a, takardar da kanta magana ce, tana shaida wa duniya ka yi abin da kake gaya wa Allah ba ka yi ba. Amma ku ji sauran. Da majalisar bishop-bishop ta zauna a Kartej a 251, ba ta rufe musu ƙofa ba. Ta bambanta masu takarda da waɗanda suka miƙa hadaya, ta sauƙaƙa wa na farko hanyar dawowa bayan tuba. Akwai masu tsauri da suka ce kada a karɓi kowa, ikilisiya ba ta bi su ba.

Ba na so in yi wannan magana da sauƙin baki, domin a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka baro garuruwansu da dare, akwai waɗanda aka taɓa tsayar da motarsu aka tambaye su suna. Ni ba alƙalin kowa ba ne. Sifiriyan ɗin nan ma ɓuya ya yi a zamanin Desiyus, yana tafiyar da ikilisiya ta wasiƙa, har wasu suka yi masa gori. Bayan shekara takwas, a 258, da aka kawo shi gaban mai mulki aka tambaye shi kai tsaye, bai musa ba, aka fille masa kai. Yesu da kansa, a Matiyu sura ta 10, ya yarda wa almajiransa su gudu daga gari zuwa gari. Gudu daban, musu daban. Nikodimu da dare ya fara zuwa, Yusufu na Arimatiya a ɓoye yake bi, amma ranar da manyan almajirai suka watse su biyun ne suka fito suka ɗauki gawar Ubangiji.

Kada kuma mu ɗora wa zuciya ɗaya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Yau ana yawan cewa, "Ai in dai zuciyarka na da kyau shi ke nan." Shawulu na Tarsus, wato Bulus ɗin nan, da zuciya ɗaya ya riƙa shiga gida-gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Shi da kansa ya faɗa a gaban sarki Agaribas cewa a lokacin gani yake wajibi ne a kansa. Direban da ya tashi daga Zariya zai je Jos, ya kama hanyar Funtuwa, duk kyan niyyarsa ba za ta juya masa kwalta ba. Amfanin zuciya ɗaya a nan shi ne, in aka tsayar da mai ita aka ce ya ɓata, zai juya. Shawulu ya juya a hanyar Dimashƙu. Mai fuska biyu kuwa da wuya ya juya, don shi ba inda za a je ne ya dame shi ba, yadda fasinja ke kallonsa ne.

Haka nan ba a naɗa mu 'yan sandan zukatan mutane ba. Bulus ya san akwai masu tallan maganar Allah. A 2 Korantiyawa sura ta 2 ya kwatanta su da 'yan tireda, irin waɗanda aka sani da yin algus, kamar mai tsinka nono da ruwa ko mai jera manyan tumatir a saman kwando. Duk da haka, da yake ɗaure ya ji wasu na wa'azin Almasihu don kishi da neman ƙara masa wahala, sai ya rubuta wa Filibiyawa cewa shi dai yana murna tunda ana shelar Almasihu. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin wasunku. Na sha samun wanda ya zo mini a rikice, wai faston da ya yi masa baftisma daga baya an kama shi da abin kunya, ko baftismarsa ta ɓaci? Tambayar nan ta raba ikilisiyar Afirka ta Arewa fiye da shekara ɗari, tsakanin mabiya Donatus da sauran masu bi, Agustin kuma ya tsaya a kan cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai yin ta ba. Fasto zai amsa nasa a gaban Allah. Kai riƙe naka.

Saura abu ɗaya, shi ne lokacin ba da shaida a sujadarmu. Ku saurara da kyau, kusan kullum nasara ce: na samu aiki, na warke, ɗana ya ci jarrabawa. Madalla, a gode wa Allah. Amma wanda bai warke ba fa? Wadda shekara goma tana roƙon haihuwa fa? Mun koya musu cewa in za su miƙe, to su zo da fuskar aro, in babu su zauna. Littafinmu kuwa ba haka yake ba. Zabura ta 88 da kuka ta fara, a cikin duhu ta ƙare, ba a kuma cire ta ba. Ayuba ya faɗa wa Allah maganganu masu zafi, abokansa uku suka yi ta kare Allah da kyawawan kalmomi, a ƙarshe su ne Allah ya yi fushi da su. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura ta 9 ya gaya wa Yesu a numfashi ɗaya cewa ya gaskata, kuma bangaskiyar tasa ba ta kai ba, a taimake shi. Yesu bai ce ya je ya cika ta ya dawo ba, warkar da yaron ya yi.

A ikilisiya ta biyu da na yi aiki akwai wata tsohuwa, gwauruwa, da aka kashe mata ɗa a wani rikici. Wata Lahadi da aka buɗe lokacin shaida sai ta miƙe tana dogara sanda. Ta ce, "Fasto, ni ban zo da shaida ba. Tun da aka kashe yaron nan, in muna Addu'ar Ubangiji, in an zo wurin maganar gafara, shiru nake yi har a wuce. Ban yafe ba. Ina so in yafe, abin ya ƙi. Ba zan kuma yi wa Allah ƙarya a gidansa ba. Ku roƙa mini." Ta zauna.

Tsakani da Allah, abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi wa mawaƙa alama su ta da waƙa mu rufe zancen, domin akwai baƙi a ranar. Kafin in ɗaga hannu sai wani dattijo ya miƙe, mutumin da ake jin tsoronsa a majalisa. Ya ce, "Mama, ke kin fi ni. Ni shekara shida ba na magana da ƙanena a kan gonar gado, kuma ban taɓa yin shiru a wurin nan ba, da ƙarfi ma nake faɗa." Muryarsa ta sarƙe, ya kasa ƙarasawa. Ranar ban yi wa'azin da na shirya ba. Har azahar muna ciki, tuwon baƙi ya huce.

Dattijon ya je wurin ƙanensa a cikin makon. Ita kuwa Mama, na yi shekara biyu a garin bayan wannan, har aka sauya mini wurin aiki tana nan tana yin shirunta. Abin da ya canja shi ne jama'a sun sani. In muka zo wurin a cikin addu'a, ba wanda ya tsara, sai muryoyi su sassauta, a ɗan dakata kaɗan, matar da ke kusa da ita ta kama hannunta, sa'an nan a ci gaba.